Idan ɗan wasa na gudu alhali ba ka taɓa hannun gem ba

A gidajen gem na Aboabo, cikin zangon Kumasi, mai buga Winning Eleven a kwamfuta ta PCSX2, manhajar da ke kwaikwayon PlayStation 2, yakan ga ɗan wasansa na karkata shi kaɗai. Galibi manhajar ba ta da laifi. Sandar analok ce ta cinye, ko ƙurar hunturu ta shige ta, ta daina komawa tsakiya.

Kafin ka kashe sidi a Kejetia, buɗe joy.cpl a Windows. In alamar na rawa, hannun ne: goge gindin sandar da sifirit, sannan ka ɗaga dedzon, wato ƙaramin motsin da manhajar ke yi wa biris, zuwa kashi 15 ko 20. In alamar na tsaye cak, duba saitin maɓallai. Wataƙila hannu biyu aka ɗora wa ɗan wasa ɗaya.