Wai sai an biya dala kafin a cika sharaɗin mai tallafin bincike?

A ofisoshin malaman jami'a da ɗakunan hutun likitocin asibitocin koyarwa akwai maganar da ke yawo tun tsakiyar 2025. Wai Amurkawa sun canja doka: duk wanda ya ci tallafinsu ya yi bincike, dole ya biya mujalla dubban daloli ta buɗe maƙalarsa ga kowa, in bai biya ba a rufe masa famfo. Na ji ta daga bakin manya, har da waɗanda suka shekara ashirin suna wallafa bincike. Akwai ƙwayar gaskiya a cikinta, amma an lulluɓe ta da ƙaiƙayi mai yawa, kuma wannan ƙaiƙayin yana sa wasu biyan kuɗin da babu wanda ya ɗora musu.

An canja doka, wannan gaskiya ne. Hukumar binciken lafiya ta Amurka, NIH, tun watan Afrilun 2008 ta wajabta wa duk wanda ta tallafa wa ya ajiye maƙalarsa a rumbunta na intanet mai suna PubMed Central, inda kowa zai karanta kyauta. A lokacin an yarda mujalla ta riƙe maƙalar har wata 12 kafin a buɗe ta. A watan Agustan 2022, ofishin kimiyya da fasaha na fadar shugaban Amurka, ƙarƙashin Alondra Nelson, ya umarci hukumomin gwamnati su soke wannan jinkiri. NIH ta fitar da sabon tsarinta a Disambar 2024, da nufin ya fara aiki a ƙarshen 2025, sai kuma aka matso da shi zuwa 1 ga Yulin 2025. Duk maƙalar da mujalla ta karɓa daga wannan rana, dole a same ta a buɗe a rumbun ranar da aka wallafa ta. Saboda haka mai ce maka "ai kana da shekara guda, kwantar da hankalinka", labarin bara yake ba ka.

Batun biya shi ne ƙanzon kurege. Abin da NIH ta nema a ajiye ba shi ne kwafin nan mai ado da tambarin mujalla ba. Tana neman rubutunka na ƙarshe, wanda ka gyara bayan masana sun yi masa bita, edita kuma ya ce ya karɓa, kafin kamfanin ɗab'i ya tsara shafukansa. Wannan fayil yana cikin kwamfutarka. Ɗora shi a tsarin karɓar rubuce-rubuce na hukumar, NIHMS, ba ya cin ko sisi, kuma hukumar ta faɗa a fili cewa wannan hanya ta kyauta ta isa cika sharaɗi. Har ma ta ce idan mujalla ta nemi kuɗi don kawai ta miƙa rubutun ga rumbun, ba za a cire shi daga kuɗin tallafi ba.

To daga ina zancen dala ya fito? Daga kamfanonin ɗab'i. A nan gizo ke saƙa, kuma nan ne ya kamata a daɗe ana dubawa. Mujallu da yawa suna rayuwa ne da kuɗin da ɗakunan karatu ke biya don samun damar karanta su. Idan rubutun ya fito kyauta a rana ɗaya da nasu, suna ganin kasuwarsu za ta yi sanyi. Sai wasu suka ce da marubuta: ko ka jira wata 12 kamar da, ko ka biya kuɗin buɗewa. Kuɗin kuwa ba na wasa ba ne. Mujallar Nature ta sa yuro 9,500 a kan maƙala ɗaya lokacin da ta buɗe wannan ƙofa a 2021. Ƙungiyar masana kimiyyar sinadarai ta Amurka ta ƙirƙiro wani kuɗi na dala 2,500 a 2023 ga mai son ajiye rubutunsa a rumbu ba tare da jira ba. Marubuci sai ya tsinci kansa a tsaka mai wuya: mai tallafi ya ce a buɗe yau, mujalla ta ce sai da kuɗi. Kukan da masu bincike ke yi a kan wannan kuka ne na gaskiya, kuma a ganina rashin adalci ne a bar malami mai ƙaramin albashi yana raba rigimar da ke tsakanin gwamnati da manyan kamfanoni. Amma matsalar ta mujallar da ka zaɓa ce, kuma ana gane ta kafin a tura maƙala. Karanta ƙa'idar mujalla game da ajiya a rumbu tun kana rubuta daftari. Idan ta ci karo da sharaɗin mai tallafi, ko ka nemi wata, ko ka tabbata akwai kuɗin wallafa a kasafin aikin. Dubban mujallu daga cikin waɗanda ke kundin buɗaɗɗun mujallu na DOAJ ba sa karɓar komai daga marubuci, ba sa karɓa daga mai karatu.

Wani kuma zai ce, "Ni ba Ba'amurke ba ne, sunana ma na bakwai ne a jerin marubuta, wannan rigimarsu ce." Sharaɗin kuɗin yake bi, bai san fasfo ba. Duk maƙalar da ta fito daga aikin da NIH ta sa wa kuɗi, ko gaba ɗaya ko wani ɓangare, ta shiga ciki. Kuma irin wannan aiki yana gabanmu. Gwajin da aka yi a asibitocin Kano da Kaduna kan amfani da maganin hydroxyurea don kare yara masu sikila daga shanyewar ɓarin jiki, tare da Jami'ar Vanderbilt, da tallafin NIH aka yi shi, sakamakonsa kuma ya fito a mujallar Lancet Haematology a 2022. Shirin H3Africa na binciken ƙwayoyin gado a Afirka, NIH da gidauniyar Wellcome ta Ingila ne suka ɗauki nauyinsa. Ni wannan misali na sikila shi ke hana ni kallon lamarin a matsayin cike-ciken takardu. Iyaye ne a Kano suka yarda aka ɗebi jinin 'ya'yansu. Likitan da ke duba irin waɗannan yara a Gaya ko Maraɗi bai kamata a tambaye shi katin banki kafin ya ga abin da aka gano ba.

Akwai kuskuren da ya fi kowanne kama mutane, domin mai yin sa yana ganin ya riga ya gama. "Ai maƙalata tana PubMed." PubMed daban, PubMed Central daban. Na farko kundi ne na sunayen maƙalu da taƙaitaccen bayaninsu, na biyu shi ne rumbun da ke ɗauke da cikakken rubutu. Lambarsu ma ba ɗaya ba ce: ta farko PMID, ta biyu PMCID, wadda ke farawa da haruffan PMC, kuma ita ake nema a rahoton ci gaban aiki. Haka nan ɗora maƙala a ResearchGate ko shafin sashenku bai sauke nauyin ba. In ma kwafin mujalla ka ɗora ba da izini ba, ka ƙara wa kanka wata matsalar ta haƙƙin mallaka.

Masu cewa babu mai dubawa su ma sun makara. Tun 2013 NIH ke jinkirta sakin kuɗin shekara mai zuwa idan akwai maƙalar da ba ta cika sharaɗi ba a rahoton. Maƙala ɗaya da aka manta tana iya tsayar da albashin ma'aikatan bincike da dama.

Sai a kiyaye kada a yi wa masu tallafi kuɗin goro, domin kowa da nasa tsarin. Wellcome da sauran waɗanda suka shiga shirin Plan S, wanda aka sanar a Satumbar 2018 ya fara aiki a 2021, suna neman a buɗe nan take kuma a sa lasisin CC BY. Wellcome takan biya kuɗin wallafa a mujallun da suke a buɗe gaba ɗaya. Gidauniyar Gates, wadda kowa ya san ta a arewacin Najeriya saboda yaƙi da shan inna, ta daɗe tana biyan irin wannan kuɗi, amma daga Janairun 2025 ta daina, ta koma wajabta fitar da rubutun share fage, wato daftarin da ake sakewa a intanet tun kafin bitar masana. Wanda ya saba cewa "Gates za ta biya" ya tura maƙala mujalla mai tsada a kan wannan zato, takardar bashi ce za ta iso masa.

Lasisin CC BY ɗin ma ana tsorata mutane da shi, wai ka sallama aikinka kowa ya kwashe. Abin da ya halatta shi ne a kwafa, a fassara, a rarraba, har a yi kasuwanci da shi, da sharaɗin a ambaci mai shi. Wanda ya goge sunanka ya sa nasa ya karya lasisin, kuma ɓarawon ilimi ne kamar yadda yake a da. Wannan izinin fassara shi zai ba wa wani damar mayar da sakamakon bincikenka Hausa ko Faransanci ba tare da ya yi wata shida yana jiran amsar wasiƙa ba. NIH dai ba ta wajabta wannan lasisi ba. Abin da take riƙe da shi shi ne izinin da gwamnati ke da shi na amfani da aikin da ta biya.

Wasu dattawan tsangayoyi har yanzu suna haɗa duk buɗaɗɗiyar mujalla da mujallun bogi masu karɓar kuɗi su buga komai cikin mako guda. Tsoron nasu yana da tushe, don na bogin suna nan birjik kuma sun ɓata wa matasa da dama takardun neman ƙarin girma. Sai dai ajiye rubutu a rumbu bai taɓa darajar mujalla ba: maƙalarka tana nan a inda aka wallafa ta, da sunan mujallar da lambar shafinta. Game da rangwame kuwa, gaskiya ne wasu kamfanoni suna yafe kuɗi ga marubutan ƙasashe masu ƙaramin ƙarfi, amma jerin ƙasashen ya bambanta daga kamfani zuwa kamfani, kuma galibi lokacin tura maƙala ake nema, ba bayan an karɓe ta ba.

Inda na fi ganin ana tuya a manta da albasa shi ne mataki na ƙarshe. Wasu mujallu su suke tura maƙala rumbun da kansu, wasu suna fara turawa su bar wa marubuci ƙarasawa, wasu ba ruwansu. Idan ta NIHMS aka bi, sai wani daga cikin marubuta ya amince sau biyu: da farko ya tabbatar da fayil ɗin da aka ɗora, daga baya ya duba yadda aka tsara shi don intanet. Saƙon neman amincewar ta imel yake zuwa, kuma sau da yawa yana tafiya ga ɗalibin da ya kammala ya tafi hidimar ƙasa, ko ya faɗa akwatin tarkace. Ranar da wasiƙar karɓa ta iso, ku adana wannan fayil na ƙarshe da hotunansa da jadawalinsa a wuri ɗaya, ku sa lambar tallafi daidai, sannan ku tsayar da mutum ɗaya da sunansa wanda zai bi saƙonnin har lambar PMCID ta fito.