Yadda Ake Kawar da Sheƙin Tsohon Sitiyarin Fata

Sabon sitiyarin fata ba ya ƙyalli. Masu ƙera mota suna rufe fatar da wani siririn fenti na roba mai suna foliyuretan, wanda galibi ake cuɗa shi da garin silika don samansa ya yi kaushin da ido ba ya gani. Wannan kaushi ne ke warwatsa haske, shi ne kuma ke ba hannu wurin kamawa. Idan sitiyari ya fara sheƙi, ɗayan biyu ne: ko dauɗa ta cike ƙananan ramukan, ko tafin hannu ya goge su.

A ƙasar Arewa dauɗar ce ke fara zuwa. Direban da ya bar kwalta a yankin Dogon Dutsi ya nufi Lugu yana tuƙi cikin ƙura, a watan Afrilu kuma zafi kan haura digiri 40. Gumi da ƙura da maiƙon hannu sai su daskare inda ya saba riƙewa, wurin ya yi baƙi ƙirin, ya yi santsi. Santsin nan haɗari ne ga mai murɗa mota cikin rairayi.

Maganin wannan ba shi da tsada. A ajiye motar a inuwa har sitiyarin ya huce, a kaɗa sabulu marar ƙarfi cikin ruwan ɗumi, a ɗebi kumfar da buroshi mai laushi a cuɗa kaɗan-kaɗan, sannan a share da farin tsumma tun ba ta bushe ba. A maimaita har tsumman ya daina yin baƙi. Kada ruwa ya shiga tsakiya, inda oda da jakar iska suke. Fetur da kananzir kuwa cinye fentin suke yi.

Kuskuren da ya fi yawa, wato shafa wa sitiyarin mai, daga kyakkyawar niyya yake fitowa. Fatar da majema suka jeme da bagaruwa tana shan mai, shi ya sa dukawa ke tausasa ta da shi. Fatar sitiyari a rufe take: man kaɗanya ko na gyaɗa ba ya ratsa ta, sai ya zauna a sama ya kama ƙura, sheƙin ya ninka.

Idan an wanke amma wurin yana nan sumul, fentin ne ya suɗe. Sai a bi shi a hankali da samfefa mai laushi, kamar lamba 800, a shafa rinin fata inda launi ya koɗe, a bi da sabon fenti marar ƙyalli shafe biyu ko uku marasa kauri, kowanne ya bushe kafin na gaba. Inda fatar ta tsage, baduku zai iya yi wa sitiyarin sabuwar riga da fatar jar akuyar Maraɗi, mai laushi da ƙarko, muddin ya ja ɗinkin ya matse yadda rigar ba za ta juya a hannu ba.