A Ceci Rai Kafin A Ɗora Ƙashi

Idan mota ta yi haɗari, karaya ita ce abin da ido ke fara gani. Saboda haka sau da yawa dangi kan ɗauki mai rauni su nufi gidan maɗori, alhali kuwa abin da ke neman ransa yana can ciki a ɓoye: ko saifa ta fashe, ko haƙarƙari ya huda huhu, ko jini ya taru cikin ƙoƙon kai.

Tarihinmu ya nuna mana haɗarin zubar jini. A Yaƙin Handaƙ, shekara ta 5 bayan Hijira, kibiya ta sami Sa'adu ɗan Mu'azu, Allah Ya yarda da shi, a jijiyar hannu. Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya sa aka kwantar da shi a tantin Rufaida, wadda ke jinyar masu rauni a masallaci. Jinin ya tsaya har kwanaki, daga baya raunin ya sake ɓarkewa, ya zama ajalinsa.

Likitocin zamani suna da tsari game da wanda ya ji raunuka da yawa. Da farko sukan buɗe hanyar iska, su duba numfashi, su tsai da jini, su auna hankalinsa, sa'an nan su bi sauran jiki. Idan ana zubar jini a ciki, akan yi gajeruwar tiyata a toshe shi, a bar majiyyaci ya farfaɗo kwana ɗaya ko biyu kafin a koma a gama gyara. Gyaran ƙashi yakan biyo baya. Dalili kuwa, jinin baligi bai fi kimanin lita 5 ba, karayar cinya kaɗai tana iya shanye lita guda ba tare da ɗigo ya fito waje ba.

Jinkiri shi ne babban abokin gaba. A shekarar 2010 aka bayyana sakamakon wani bincike kan majiyyata fiye da 20,000 a ƙasashe 40, game da allurar tiranizamik, mai hana gudan jini narkewa. Ta rage mace-mace, amma bayanin da ya biyo baya ya nuna sai an yi ta cikin awa 3 na farko take da amfani.

To, jama'a, mene ne namu? Mu gaggauta kai mai rauni asibiti, kada mu lanƙwasa wuyansa, kada mu ɗura masa ruwa. Dokar Lafiya ta Nijeriya ta 2014 ta hana asibiti korar mai bukatar taimakon gaggawa. Har wa yau mu ba da jini, domin malamai sun halatta shi saboda lalura, abin da ake ɗiba kuwa bai kai rabin lita ba. Neman magani ba ya kore tawakkali. Allah Ya kiyashe mu, Ya ba marasa lafiyarmu sauƙi, amin.