Dutsen Zagami daga Mars Yake, Amma Ba a Ga Rai a Cikinsa Ba

Tun da aka yi gwanjon wani dutse da aka tsinto a yankin Agadez, aka sayar da shi sama da dala miliyan 5 a birnin New York cikin Yulin 2025, zancen duwatsun sama ya dawo bakin jama'a. Irin saƙon da kan shigo wayoyin mutanen Balan da Gaya da Ajingi shi ne wai Turawa sun gano ƙwayoyin halitta a cikin waɗannan duwatsu, shi ya sa suke tsada. Rabin maganar gaskiya ne, sauran kuwa ƙarin gishiri.

Cewa dutse na faɗowa daga duniyar Mars ba ƙarya ba ne, shaidar ma tana nan ƙasar Hausa. Ranar 3 ga Oktoba 1962, wani dutse mai nauyin kusan kilo 18 ya faɗo a gona kusa da Zagami, a ƙasar Katsina, dab da wani manomi. Daga baya masana suka auna iskar da ta maƙale a cikinsa, suka tarar ta yi daidai da wadda kumbunan Viking na Amurka suka auna a Mars a 1976. Sai dai narkakken dutse ne da ya daskare, kuma babu binciken da ya tabbatar da wata halitta a jikinsa. Ƙarancin irinsa ne ya sa shi tsada.

To daga ina batun rai ya samo asali? A Agustan 1996, David McKay da abokan aikinsa na hukumar NASA suka ce sun ga wasu siffofi kamar tsutsotsi, ƙanana ƙwarai, a cikin wani dutsen Mars mai suna ALH84001 da aka tsinto a Antaktika a 1984. Har Shugaba Bill Clinton ya yi jawabi a kai. Wasu masanan suka ce a dakata: siffofin sun yi ƙanƙanta idan aka gwada da ƙwayoyin bakteriya da aka sani, kuma an nuna a ɗakin gwaji cewa zafi da sinadarai kaɗai kan iya samar da irin ma'adinan da ke cikinsa. Yau akasarin masana ba su ɗauke shi hujja ba.

Gaskiya ne an samu sinadaran da ke gina jikin halitta a dutsen Murchison da ya faɗo a Ostireliya a 1969. Amma samun tubali ba samun gida ba ne.

Babban abin da masu yaɗa jita-jita ke tsallakewa shi ne gurɓata. Da zarar dutse ya taɓa ƙasa, ƙwayoyin wannan duniya tamu sukan mamaye shi. Ko ɓarɓashin da wani kumbon Japan ya ɗebo daga dutsen Ryugu da ke sararin samaniya, wanda aka killace da matuƙar kulawa, a 2024 masana a Landan sun ba da rahoton cewa ƙwayoyin duniya sun tsiro a kan wani ɗan guntunsa bayan an buɗe shi.