Birkin gaban keke: hannun dama ko na hagu?

Matashin da ya ari keken abokinsa ya gangaro daga gadar sama ta Ƙofar Nassarawa zai iya damƙe birki da ƙarfi yana zaton na baya ne, sai ya ji shi a kan kwalta. Dalili kuwa, kekuna ba tsarinsu ɗaya ba.

A Ingila, inda ake tuƙi ta hagu, birkin gaba yana hannun dama. A Amurka da yawancin Turai kuma yana hagu. Bayanin da aka fi bayarwa shi ne, idan mai keke ya miƙa hannu zai yi kwana, ɗayan hannun ya zauna a kan birkin baya. Najeriya ta koma tuƙi ta dama tun 1972, amma kekunan gwanjo daga ko'ina suke shigowa, shi ya sa abin ya cakuɗe.

Birkin gaba ne ya fi tsayar da keke, saboda nauyi gaba yake komawa. Ga wanda ya saba da babur, gara ya bar shi a dama, don can yake a babur, kuma mai gyara zai iya sauya wayoyin. Kafin a hau baƙon keke, a matse kowane birki a tura, a ga tayar da ta cije.