Asusun Magani: Yadda Ma'aikatan Amurka Ke Biyan Kuɗin Maganin Ido

Akwai ciwon ido da kwalba guda ke warkarwa, akwai kuma wanda maganinsa ba ya yankewa. Misali shi ne hawan jinin ido, wanda likitoci ke kira gulokoma. Ruwan cikin ido ne ke kasa fita yadda ya kamata, sai ya matsa wa jijiyar gani, tana mutuwa sannu a hankali. Mai wannan cuta yakan ɗiga magani kullum, sau da yawa har ƙarshen rayuwarsa. In ya daina saboda rashin kuɗi, ganin da ya tafi ba ya dawowa. To, ina za a sami kuɗin kwalba bayan kwalba? Yau za mu duba dabarar da ake yi a ƙasar Amurka.

Yadda abin yake

A can, ma'aikaci yana iya ware wani kaso na albashinsa, ya zuba a asusun magani. Gwamnati ba ta cire haraji, wato lanho, daga abin da aka ware. A ce ana cire masa 20 cikin 100. In ya karɓi dala 100 a hannu, 80 za su rage masa. In kuwa ya zuba su a asusun, duka 100 za su tafi ga magani. Mu lura, dalar Amurka ake nufi, ba dalarmu ta tamma biyar ba.

Asusun iri biyu ne. Na farko ana kiransa FSA. Wurin aikin mutum ne ke buɗe masa shi. A shekarar 2024 iyakar abin da ake zubawa dala 3,200 ce. Sharaɗinsa mai tsauri ne: abin da ba a kashe ba cikin shekara yakan salwanta, sai fa in wurin aikin ya yi sassauci.

Na biyu shi ne HSA, wanda doka ta kafa a 2003. Wannan mallakar mutum ne, ko ya bar aiki yana nan nasa, saura kuma yana jiran baɗi. Amma yawanci sai mai inshorar lafiya irin wadda majinyaci ke fara biyan kaso mai yawa da kansa ke iya buɗe shi. Wanda bai kai shekara 65 ba, in ya ɗebi kuɗin ya yi wata hidima daban, zai biya haraji da tarar 20 cikin 100.

Maganin ɗigawa a ido

Maganin da likita ya rubuta, kamar na gulokoma, ana biyansa daga asusun. Daga 2011 an sharɗanta takardar likita ko ga magungunan da ake saye kai tsaye a kantin magani, kamar na ƙaiƙayin ido. A 2020 wata sabuwar doka ta ɗage wannan sharaɗi. Duk da haka wajibi ne mutum ya adana takardar shaidar biya, domin ana iya tambayarsa.

Abin da za mu ɗauka

Dokar ta Amurka ce, amma tanadi ba baƙo ba ne gare mu. Mun san rumbu, mun san asusu da adashe. In akwai mai ɗiga magani kullum a gidanmu, mu tambayi likita kwalba nawa yake buƙata a shekara. Da kaka, lokacin da muka sayar da wake ko gyaɗa, mu ware kuɗin, kada biki ko suna ya taɓa su. Mu sayi sabuwar kwalba tun ta hannu ba ta ƙare ba. Kada kuma arha ta ja mu ga masu tallar magani a kasuwa, domin wasu magungunan ɗigawa suna ƙara hawan jinin ido.

Allah ya tsare mana ganinmu, amin.