Karo Na Biyu: Yadda Ake Gane Wanda Zai Ci Damben Ramuwa

Duk lokacin da aka ce zakarun damben zamani biyu 'yan ajin masu nauyi za su sake haɗuwa a kan kambin duniya, to musu ya samu wurin zama a rumfunanmu. Daga Jibiya zuwa Ɗan Isa, daga Illela zuwa Birnin Ƙonni, za ka tarar da masu shaguna da 'yan canji da direbobin da ke jiran a gama duba takardunsu a bakin iyaka sun rabu gida biyu a teburin mai shayi. Wasu su ce wanda aka kayar zai rama, domin ramuwar gayya ta fi gayya zafi. Wasu kuma su ce wanda ya kayar da kai jiya ya riga ya samu lagonka. Akan yi ta yi har a kai ga rantse-rantse, wani lokaci a ɓata da juna, akwai ma masu gangancin jingina kuɗin jarinsu a kan maganar.

Mu ma mun taɓa shan kunya. A shekarar 2022, da Anthony Joshua zai sake karawa da Oleksandr Usyk a Jidda, mun bugi ƙirji a gaban abokai cewa ɗan gida zai ƙwato kambunsa. Ba mu da wata hujja illa son da muke yi masa, kasancewar asalin iyayensa daga Shagamu ne a Nijeriya. Da gari ya waye, sai da muka yini muna kauce wa teburin mai shayi. Abin da ya sa ke nan muka koma muka bi tarihin irin waɗannan karawa ɗaya bayan ɗaya, muka kuwa tarar akwai hanyar auna su tun kafin a buga ƙararrawa.

Me ya kayar da shi a karon farko?

Kowane ɗan kasuwa ya san wannan tambaya. Idan wanda ka saba ba kaya bashi ya kasa biya sau ɗaya, kafin ka sake ba shi sai ka bincika: sakaci ya yi, ko kuwa jarin ne ya karye? Mai sakaci yana gyarawa idan ya ji jiki. Mai karyayyen jari kuwa, ko ya rantse maka sau goma, abin da ya faru shi zai sake faruwa. Haka dambe yake. Akwai zakaran da sakacinsa ya kayar da shi, akwai kuma wanda aka fi shi iyawa.

Mu fara da Lennox Lewis na Ingila. A watan Afrilun 2001 ya je Afirka ta Kudu domin kare kambunsa na WBC da IBF a hannun Hasim Rahman, Ba'amurke, wanda kusan babu mai ba shi nasara. An yi karawar a Brakpan kusa da Johannesburg, wuri mai tudu da ya kai mita 1,600 sama da teku, inda numfashi ke yi wa baƙo wuya sai ya daɗe ya saba. Rahman ya isa wajen wata guda kafin ranar. Shi kuwa Lewis ya tsaya a Las Vegas, har da fitowa a wani fim, bai iso ba sai da ya rage ƙasa da mako biyu, kuma ya hau sikeli da nauyin kusan kilo 115, wanda bai taɓa kai wa ba kafin nan. A turmi na 5 ya saki hannu yana murmushi, sai Rahman ya sakar masa naushin dama guda ɗaya, aka ƙirga goma bai miƙe ba.

Lewis yana da sharaɗin sake karawa a cikin takardar yarjejeniya, kuma sai da ya kai ƙara kotu kafin Rahman ya cika shi. A watan Nuwamban shekarar aka sake haɗuwa a Las Vegas. Lewis ya zo da shiri, ya rage nauyi, ya riƙa tsare abokin karawarsa daga nesa da dogon hannunsa, ya kuma shimfiɗe shi a turmi na 4. Sau biyu kacal aka taɓa doke Lewis a duk damben sana'arsa, wato Oliver McCall a 1994 da Rahman a 2001, duka da naushi guda, kuma duka ya rama.

Ba lallai sai an buge mutum ƙasa ake cewa ya yi sakaci ba. A watan Fabrairun 1978 Muhammadu Ali, yana da shekara 36, ya raina Leon Spinks, yaron da bai wuce karawa bakwai ba a damben kuɗi. Ali bai yi horon kirki ba, ya riƙa jingina da igiya yana jiran yaro ya gaji, yaro kuwa bai gaji ba, ya ci shi da maki bayan turmi 15. A watan Satumba Ali ya dawo da kyakkyawan shiri a birnin New Orleans, a gaban 'yan kallo sama da 60,000, ya karɓe kambun, ya zama mutum na farko da ya riƙe shi sau uku.

Me wanda ya ci ya yi da nasararsa?

Wannan ita ce tambaya ta biyu, kuma sikeli ne ke ba da amsarta, domin akan auna 'yan damben a bainar jama'a kwana ɗaya kafin karawa. Ranar 1 ga Yunin 2019 a birnin New York, Andy Ruiz, wanda aka kira a ƙurarren lokaci ya maye gurbin wani da ya faɗi gwajin ƙwayoyi, ya kai Joshua ƙasa sau huɗu, alƙalin wasa ya tsayar da karawar a turmi na 7. Joshua ne ya fara kayar da shi a turmi na 3, sai ya ruga ya ƙarasa shi, ya ci karo da naushin da ya rikita masa kai.

Bayan wata shida aka sake haɗuwa a Diriyya, kusa da Riyad ta Saudiyya. Ruiz ya hau sikeli da ƙarin kusan kilo 7, ya haura kilo 128, shi kuwa Joshua ya rage kusan kilo 5. Duk wanda ya ga wannan awo ya ga sakamakon, ai Juma'ar da za ta yi kyau tun daga Laraba ake gane ta. Joshua ya ƙi tsayawa musayar naushi, ya riƙa zagaya shi yana zungura daga nesa har turmi 12, alƙalai biyu suka ba shi maki 118 da 110, na uku 119 da 109. Daga baya Ruiz da bakinsa ya amsa cewa shagulgula sun ɗauke masa hankali, bai yi horo yadda ya kamata ba.

Irin haka ta faru da Riddick Bowe. A 1992 ya ci Evander Holyfield da maki ba tare da gardama ba, amma a 1993 ya dawo da ƙarin wajen kilo 5, Holyfield ya canza dabara ya ƙwace kambun. Ke nan ko wanda ya fi ka zai iya sakar maka ƙofa idan daɗin nasara ya kwantar da shi.

Idan an fi ka iyawa

A nan ne muka yi kuskure a 2022. Mun ɗauka abin da Joshua ya yi wa Ruiz zai maimaita a kan Usyk, alhali faɗuwar biyu ba iri ɗaya ba ce. A watan Satumban 2021 a Landan, Usyk ɗan ƙasar Yukren, bahago, wanda ya taso daga ajin da ke ƙasa da na masu nauyi, bai yi wa Joshua naushin sa'a ba. Turmi 12 ya yi yana riga shi kai hannu, yana riga shi kaucewa, alƙalai uku duka suka ba shi. Joshua ya shirya sosai a ranar, kuma a gidansa aka yi, saboda haka babu wani sakaci da zai koma ya gyara. Shi kuma Usyk ba mai sake jiki ba ne.

Kafin karawar Jidda Joshua ya canza mai horar da shi, ya kuma fi taɓuka abin kirki, musamman a turmi na 9 da ya matsa wa Usyk da naushin ciki. Amma a turmi na 10 Usyk ya dawo kamar yanzu aka fara, ya mamaye ƙarshen karawar, alƙalai biyu cikin uku suka ba shi.

Tyson Fury na Ingila ma ya bi wannan hanya. A watan Mayun 2024 a Riyad, Usyk ya jijjiga shi a turmi na 9 har alƙalin wasa ya yi masa ƙirge, ya kuma ci shi da maki. A watan Disamba Fury ya dawo da nauyin kusan kilo 127, ya fi Usyk da wajen kilo 25, da nufin ya danne shi da girman jiki. Alƙalai uku duka suka rubuta 116 da 112, Usyk ke gaba. Sai Daniel Dubois, wanda Usyk ya doke a turmi na 9 a ƙasar Folan a 2023. Magoya bayansa sun daɗe suna cewa an zalunce shi, domin naushin da ya durƙusar da Usyk a turmi na 5 alƙalin wasa ya ce ƙasa da ƙugu ya sauka. Da ya buge Joshua a 2024, sai da yawa suka ce lokacinsa ya yi. A watan Yulin 2025 a filin Wembley, Usyk ya gama da shi a turmi na 5. Mutum uku, kowanne ya samu karo na biyu, babu wanda ya rama.

Kada faɗuwa ta ruɗe ka

Abin da ya fi yaudarar masu musu shi ne ganin mutum a ƙasa. Faɗuwa ita ke zama a ido, amma turame ake ƙirgawa. A 2005 Samuel Peter, ɗan jihar Akwa Ibom a Nijeriya, ya kai Wladimir Klitschko ƙasa sau uku, duk da haka alƙalai uku suka ba Klitschko 114 da 111, domin shi ya ci yawancin turamen. Peter ya riƙe kambun WBC na ɗan lokaci a 2008. Da suka sake haɗuwa da Klitschko a Jamus a 2010, a kan kambun da ke hannun Klitschko, masu tuna faɗuwa ukun nan sun sa rai, amma Peter bai samu ko kusantarsa yadda ya kamata ba, aka buge shi a turmi na 10.

Haka Deontay Wilder ya kayar da Fury sau biyu a 2018, aka tashi kunnen doki, ko da yake masu lura da yawa sun ga Fury ne ya fi cin turame. A watan Fabrairun 2020 Fury ya yi ta tura shi baya yana duka, har mutanen Wilder suka jefa tawul a turmi na 7. Mai dogaro da naushi guda yana buƙatar abokin karawarsa ya sake yin kuskuren da ya yi, wanda aka taɓa ƙonawa kuwa ba ya cika sake taka wuta.

Abin da za a duba kafin a buɗe baki

Saboda haka, 'yan uwa, duk ranar da aka sake sanar da irin wannan karawa, ga abin da muke ba da shawarar a yi. Da farko a nemi hoton karon farko a kalle shi tun daga turmi na 1 har ƙarshe, kada a tsaya ga ɗan guntun da ke yawo a waya, a ƙirga turmi nawa kowa ya ci. Na biyu, a tambaya ko wanda ya faɗi yana da wani abu takamaimai da zai iya gyarawa, kamar horo ko nauyi ko gaggawa. Na uku, a jira ranar awo a ga yadda kowa ya hau sikeli. Na huɗu, a duba shekaru da irin dukan da kowa ya sha tsakanin karawar biyu, domin tsakanin karon Peter na farko da na biyu shekara biyar ce, kuma a cikinsu ya sha kashi a hannun Vitali, yayan Wladimir. Cika baki a taron 'yan jarida kuwa, talla ce ta masu sayar da tikiti, kamar yadda kowa ke yabon hajarsa.

Idan sakaci ne ya kayar da zakara, to a sa ran zai rama. Idan an fi shi iyawa, kuma wanda ya fi shi bai sake jiki ba, to wanda ya ci jiya shi ake kyautata wa zato. Duk da haka wannan awo ne, ba duba ba. A ajin masu nauyi, mutum mai kilo 110 yana iya rushe duk wani lissafi da hannu ɗaya, kamar yadda Rahman ya yi a Brakpan. Don haka a yi musu a sha shayi, wanda aka kayar ya biya kuɗin shayin, amma a bar jari a cikin aljihu.